Nisan da Na Ƙara wa Alƙahira

Shekara shida na yi ban taka Kano ba, kuma duk tsawon shekarun nan mahaifina ya yarda cewa tafiyar kwana biyu ce a jirgin sama daga Kano zuwa Alƙahira. Ni na gaya masa haka.

Da farko ba ƙarya ba ce. Lokacin da na tafi karatun likita, tikitin da ya fi sauƙi aka saya mini. Na bi ta Legas, daga can muka sauka a wata ƙasa, na kwana a kan kujerar ƙarfe a filin jirginsu, sai washegari na isa Masar da kumburarrun ƙafafu. Da na buga waya gida na ba su labari, Umma ta yi ta salati, Baba kuwa ya ce, "Ashe duniyar da faɗi." Wannan tafiya ta farko ita ce ta zauna musu a rai. Daga baya na san akwai jirgin da ke tashi daga Kano kai tsaye, ya sauka Alƙahira cikin awa huɗu da rabi ko kusa da haka. Kilomita dubu uku ne da 'yan kai. Ban taɓa gyara musu ba.

Baba baduku ne, rumfarsa tana Kasuwar Kurmi, layin 'yan fata. Jaka yake ɗinkawa da takalma da kuben wuƙa. Bai taɓa shiga jirgi ba, tafiyarsa mafi nisa ita ce Zinder, a mota, tun yana saurayi. Gidanmu yana Kabara, cikin wani lungu da ko a-daidaita-sahu ba ta shiga. Tun ranar da na tafi, mutanen lungun suka daina kiran sunana, sai dai a ce wa Baba, "Yaya Likita?"

A shekara ta uku na faɗi jarrabawa. Na maimaita, na sake faɗuwa, makaranta ta sallame ni. Ban gaya wa kowa a gida ba. Larabcina ya riga ya nuna, don haka na bi sahun wasu 'yan Kano da ke yi wa marasa lafiya tafinta. Mutum zai taso daga gida neman magani, mu tarbe shi a filin jirgi, mu nema masa masauki, mu kai shi gaban likita, mu fassara abin da ya ce da abin da aka ce masa. Aiki ne na halak, kuma na iya shi. Amma ba shi aka tura ni yi ba. Kusan kowane mako ina tsaye a bakin ƙofar fitowa ina jiran jirgin Kano. Na san lokacin tashinsa, na san lokacin saukarsa. Fasinjoji sukan fito da ƙanshin turaren gida a jikinsu, wani ma da ragowar gurasar da ya saya a hanyar filin jirgi, ba ta ko bushe ba.

Duk lokacin da Umma ta ce, "Ba za ka leƙo mu da sallah ba?" sai in ce, "Umma, ai kin san nisan. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, hutun kuma mako ɗaya ne." Sai ta ce Allah ya taimaka. Da aka sa ranar bikin ƙanwata, wadda ke bi na, haka na faɗa mata. Ta yi kuka a waya, sannan ita ce ma ta dawo tana ba ni haƙuri, wai kada in sa damuwa a rai, karatu ya fi. Tsorona ɗaya ne: in na zo, wani zai miƙo mini takardar asibiti ya ce in duba, ko kawuna ya tambaye ni saura shekara nawa, in rasa ta cewa a gaban Baba.

A shekara ta shida Baba ya kira ni da kansa, abin da ba ya yawan yi. Ya ce maƙwabcinsa na kasuwa, Malam mai kayan ƙamshi, za a kawo shi Masar a yi masa aiki a gadon baya. Na san mutumin sarai. Rumfarsa tana kallon ta Baba, buhunan citta da kanumfari da masoro a jere, kuma sun fi shekara talatin suna cin abincin rana a kwano ɗaya.

"Kai za ka tarbe shi," in ji Baba. "Na gaya masa ya kwantar da hankalinsa, yana da ɗa a can. Na kuma ce ya yi guzuri sosai, tunda tafiyar ba ta wasa ba ce."

Na ce to. Na ajiye waya.

Abin da na yi shi ne abin da na fi jin kunyar rubutawa. Ban je ba. Na roƙi wani abokin aikina ya tarbe shi, ya ce masa an tura ni asibitin koyarwa a Iskandariyya. Mako uku Malam ya yi a Alƙahira, ni kuma ina garin, ina kewaye unguwar da ya sauka kamar wanda ya yi sata. Abokin nawa ne ya kawo mini saƙon da Baba ya ba Malam ya kawo mini: takalmi sau-ciki na jar fata, ɗinkin hannunsa, daidai ƙafata. Ya kuma ba ni labari yana dariya, wai tsohon ya sauko da jaka guda ta guzuri, dambun nama da soyayyiyar kaza da ƙuli-ƙuli, ko buɗe ta bai yi ba, yana ta tambaya ko nan ne za a kwana kafin a ci gaba. Na taya shi dariyar. Da ya fita na zauna a bakin gado da takalmin a hannu.

Aiki ya yi kyau, Malam ya koma gida. Na zauna ina jiran wayar Baba. Mako ɗaya, biyu, shiru. Ta ƙanwata ce ta shigo, wata ranar Talata da hantsi, ina kan layin karɓar magani a wani asibiti.

Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Yaya, awa nawa ne daga Kano zuwa inda kake?"

Na ce, "Ya danganta da jirgin da..."

"Mijina ya duba a waya. Awa nawa ne?"

Na fita daga layin, na koma gefe. Sai ta ba ni labarin abin da ya faru. Ranar da Malam ya fara fitowa kasuwa, 'yan layi suka taru a rumfarsa ana yi masa barka. Yana ba da labari ya ce abin mamaki, ya yi azahar a filin jirgin Kano, ya yi isha'i a masaukinsa a Masar. Baba ya ce a'a, Malam, ka dai manta. Malam ya ce bai manta ba. Baba ya ce allurar barcin da aka yi masa ce ta haɗa masa kwanaki, ai Likita ya faɗa da bakinsa, kwana biyu ne, kuma yaron nan bai taɓa yi masa ƙarya ba. Magana ta yi zafi. Baba, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya a kasuwa ba, ya miƙe tsaye ya rantse. Sai wani mai sayar da yadi, wanda ke zuwa saro kaya ƙasashen waje, ya ce a hankali, "Baba, ka yi haƙuri, gaskiyar Malam ce. Mun daɗe da sani, ba mu so mu faɗa maka ba ne." Wasu matasa a bayan rumfa suka yi dariya.

"Tun ranar Baba bai ƙara cin abinci da Malam ba," in ji ta. "A cikin rumfa yake ci, shi kaɗai, ya juya baya. Ni ban kira don bikina ba, wannan ya wuce. Amma ka san abin da za ka yi da tsohon nan."

Ta kashe wayar.

Ranar Asabar na hau jirgin. Na karya kumallo a ɗakina a Alƙahira, da shayi da burodi. A gaban kujerata akwai ɗan allo mai nuna taswira, da ɗan hoton jirgi yana tafiya a kan hamada, ana rubuta sauran lokaci a gefe. Na zuba masa ido tun daga tashi har sauka. Saura awa uku. Saura biyu da minti goma. Na yi ta fatan tafiyar ta ƙara tsawo, ko don in samu abin da zan riƙe in ce ai da ɗan nisa. Matar da ke kusa da ni ta yi barci sau ɗaya, ta farka, ta gyara mayafi, sai ga jar ƙasar Kano a ƙarƙashinmu. Ko abincin da aka ba mu bai gama narkewa a cikina ba.

Ban wuce gida ba, don na san a wannan lokacin Baba yana kasuwa. Na bar akwatina a shagon wani abokina na makarantar allo a bakin titi, na shiga Kurmi da ƙafa. Ba abin da ya canja: lungunan nan masu ƙunci, kwata a tsakiya, masu baro suna "hanya, hanya", warin jima yana tarbar mutum tun kafin ya kai layin. An fito daga sallar la'asar ke nan.

Yana zaune a kan buzunsa, tabarau a karan hanci, yana huda bakin wata jaka da basilla. Ya rame, gemun ya yi fari fat, abin da ban gani sosai a hoton waya ba. Na durƙusa a bakin rumfar na yi sallama. Ya ɗago, ya dube ni, ya amsa sallamar cikakkiya. Bai miƙo hannu ba.

"Yaushe ka taso?"

"Yau, Baba."

"Yau da yaushe?"

"Da safe."

Ya ajiye basillar. "Da safen nan da na fito kasuwa, kana can?"

"Ina can."

"Awa nawa kuka yi a sama?"

Maƙwabta sun riga sun fara leƙowa. Ina jin idon Malam a bayana daga rumfarsa. Na ce, "Huɗu da rabi."

"Ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi."

Kunnensa lafiya lau yake. Na ɗaga murya na ce, "Awa huɗu da rabi, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ranar da muka kai gawar yayata Gumel, motarmu ta lalace a hanya, mun fi haka." Sannan ya ce, "Tashi. Ba ni za ka fara ba wa haƙuri ba. Na ce wa mutumin can hankalinsa ya gushe, a gaban 'ya'yan cikinsa. A kan maganarka na faɗa. Je ka."

Taku biyar ne tsakanin rumfunan biyu. Na tsallaka kwatar, na durƙusa a gaban buhunan citta. Malam yana zaune a kan kujerar roba, da wata ɗamarar asibiti a ƙugunsa a kan riga. Na gaishe shi, na yi masa ya jiki, sannan na ce abin da ya faɗa gaskiya ne, ni ne na yi wa Baba ƙarya shekara da shekaru. Na so in tsaya a nan. Amma na ga idan na tsaya, gobe ma sai na sake wani durƙuson. Sai na ce, "Kuma lokacin da ka zo, ina gari. Ba a tura ni ko'ina ba. Ɓuya na yi."

Malam ya dube ni. Ya ce, "Ai na gan ka."

Na ɗago.

"Rana ta biyu bayan aiki, an turo ni a keke za a ɗauki hoton bayan. Na hango ka a ƙarshen baranda da wata tsohuwa, kana riƙe mata takardu. Tafiyarka irin ta ubanka ce. Na ɗaga hannu, sai ka shige wata ƙofa." Ya gyara zama da ƙyar. "Ban gaya masa ba. Na ga maganar awa kaɗai ta ishe shi."

Ban san na gan shi ko ban gan shi ba a ranar. Na sha shigewa ƙofofi a makonnin nan uku, duk lokacin da na hango farar hula irin ta gida. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sannan ya ɗaga murya yadda za a ji a ɗaya rumfar: "Ka gaya wa mutumin can, gobe matata za ta aiko da dambu, ni kuma likita ya hana ni cin abinci da yawa." Baba ya ci gaba da huda jakarsa. Amma washegari na ga sun ci tare.

Sauran maganar a gida aka yi ta, bayan magariba, a tsakar gida. Umma ta riga ta gama kukan murna, ta cika mini kwano da tuwo, tana ta taɓa kafaɗata kamar ba ta yarda ni ne ba. Baba ya shigo ya zauna a kan tabarma ya ce, "To. Mutum ba ya ƙara wa hanya tsawo haka kawai. Me kake ɓoyewa?"

Na faɗa musu duka. Jarrabawar, sallamar, aikin tafinta. Ina magana ina kallon kwanon tuwon. Da na gama, Umma ta ce, "Shekara uku kana ɗauke da wannan kai kaɗai?" Ta sa gefen zane ta rufe fuska.

Baba ya tambaye ni aikin da nake yi, dalla-dalla. Wa nake tarba, me nake faɗa wa likita, ko ina ƙara wani abu a kan abin da mara lafiya ya ce. Na ce ba na ƙarawa, ba na ragewa, don ran mutum ne. Ya ce, "Ashe ka iya faɗar magana yadda take."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ci gaba, muryarsa ba ta tashi ba: "Faɗuwa jarrabawa ba abin kunya ba ne a gidan nan. Ni fata nawa na ɓata kafin in iya yanka? Da ka faɗa, da mun yi baƙin ciki na wata guda mun haƙura. Amma ka bar ni ina yawo da maganarka a baki. Kawunka ya ce yaron nan ya guje mu, na ce nisa ne. Surukan ƙanwarka suka tambaya ina babban wa, na ce nisa ne. Duk wanda ya buɗe baki a kanka, da wannan nake rufe masa. Ashe rabinsu sun sani, suna tausaya mini ne." Ya tashi ya ɗauki butarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Gobe ka je gidan ƙanwarka. Kada ka kai mata tsaraba, ka je haka nan."

Na je. Gidan yana wajen Ƙofar Ɗan Agundi, ban taɓa ganinsa ba sai da aka yi mini kwatance. Ta buɗe ƙofa da 'yarta a goye. Ta ce in shigo, ta kawo ruwa, ta zauna nesa. Na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ranar ɗaurin aure na ajiye maka abinci a kula, ban san dalili ba, na san ba za ka zo ba. Na ce wa ƙawayena yayana yana can ƙarshen duniya." Ta kwance goyon ta miƙo mini yarinyar. Yarinyar ta dube ni ta fashe da kuka, ta miƙa hannu wajen uwarta. Ƙanwata ba ta karɓe ta nan da nan ba, ta bar ni da ita ina jijjigawa, ban ma san da wane suna ake lallashinta ba.

Mako uku na yi a Kano. Kullum da safe ina bin Baba kasuwa, in share rumfa, in jera takalma. Duk wanda ya zo gaishe ni, ni nake gaya masa da bakina cewa ban gama karatun ba, ga aikin da nake yi. Wasu su ce Allah ya sa haka ya fi alheri, wasu su yi shiru su dubi Baba. Shi kuwa ba ya ɗagowa daga ɗinkinsa. A mako na biyu ya fara miƙo mini fata in riƙe masa yana yanka. Ranar da zan koma ya sa mini albarka a zaure, amma bai raka ni filin jirgi ba, ya ce yana da aikin da ya yi alkawari.

Har yanzu ina Alƙahira, ina aikina, kuma ina zuwa gida sau biyu a shekara. Baba yana ɗaukar wayata, muna hira, wani lokaci har ya yi dariya. Sai dai akwai abin da bai dawo ba. Bara na gaya masa an ɗaga tafiyata da kwana uku saboda an soke jirgin ranar, kuma gaskiya ne, an soke. Ya ce to, Allah ya kawo ka lafiya. Da na iso, mijin ƙanwata ya ɗauko ni a mota. Muna tsaye a danja ya ce, yana ɗan murmushi kamar abin ba komai ba ne, wai Baba ya je har shagonsa a ranar, ya ce ya duba masa a waya ko da gaske an soke jirgin Masar.

Na ce, "Ka duba masa?"

Ya ce, "Na duba. Na nuna masa, ya sa tabarau ya kalla, duk da ba ya karanta boko."

Aka ba mu hannu, muka wuce. Ban ce wa Baba komai a kai ba, shi ma bai ce mini ba.